Yadda muka raba haƙƙin waƙarmu, daga sutudiyo a Zango har ofishin BNDA a Yamai

Ni marubucin waƙa ne a Damagaram, ba na rerawa. Baitoci nake rubutawa in ba masu murya, galibi na biki da na soyayya, wani lokaci na faɗakarwa idan wata ƙungiya ta nema. Masu irin sana'ata suna da yawa a garin nan, kusan kowace fada ka zauna za ka tarar da yaro mai littafi cike da baiti, amma kaɗan ne cikinmu suka san abin da doka ta ba su da hanyar da ake bi a same shi. Shi ya sa na ga ya dace in faɗi yadda tawa ta kasance, ofis bayan ofis, ko wani ya huta da yawon da na sha.

Waƙar da ta jawo maganar mu uku muka yi ta. Ni na rubuta baitocin, na kuma ɗauko amshin daga wata tsohuwar waƙa da mata ke yi a wajen wankan amarya, wadda na ji a bakin kakata tun ina yaro. Mawaƙiyar, wata ƙanwar abokina ce, ita ta samo karin da baitocin suka hau. Mai sutudiyo kuma, a wani ɗan ɗaki da ke Zango wanda ya liƙe bangonsa da soso, shi ya zauna gaban fiyano ya haɗa kiɗan. Na biya shi jika 25 na aikin, daga baya yayan mawaƙiyar ya biya kuɗin ɗaukar bidiyo. Muka saki waƙa, masu tura waƙa a memori na kasuwar Dole suka ɗauka, ta shiga WhatsApp da TikTok, ƴan DJ suka riƙa sa ta a gidajen biki har Magarya da Matamai. Duk wannan lokacin ko dala ba ta shigo hannun kowa ba, don haka ba wanda ya tada maganar wa ke da me. Sai ranar da wani Alhaji daga Kano mai babbar tasha a YouTube ya bugo mini waya, ya ce yana son waƙar, ya turo takarda shafi ɗaya da Turancin Ingilishi ya ce in sa hannu a turo kuɗi.

Daga nan kowa ya tuna da nasa. Yayan mawaƙiyar ya ce muryar ƙanwarsa mutane suka sani, da ita ya kamata a yi ciniki. Mai sutudiyo ya ce duk aikin yana cikin kwamfutarsa, in bai fitar ba ba mai samu. Ni kuma ina ganin ba don baitocina ba da babu waƙar ma. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu, kowa na da gaskiyarsa, amma mutanen da muke shan shayi tare sai ga shi gaisuwa ma da ƙyar. Na roƙi Alhaji ya ba ni lokaci, na shiga tambaya.

Shawarwarin da na fara samu sun ƙara rikita ni. Wani ya ce in kai ƙara kwamisariya, wani ya ce sai na yi rajista a OAPI, wato hukumar mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, wani ya ce tunda ban yi rajista ba kafin waƙar ta fita to ba ni da komai. Wani malamin lakwal da ke unguwarmu shi ya ce in fara da ofishin da ke kula da al'adu na jiha. Na je da safe, na zauna a benci har wajen hantsi kafin jami'in ya gama da waɗanda suka riga ni. Dattijo ne mai haƙuri, ban biya ko tamma ba. Abu na farko da ya faɗa mini ya sa na ji kamar an sauke mini kaya: haƙƙin mai waƙa yana tabbata ne tun lokacin da ya ƙirƙire ta, ba rajista ke haifar da shi ba. Wannan ƙa'ida ce ta yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Nijar ke cikinta tun farkon shekarun samun ƴancin kai, Najeriya ma tana ciki. A nan gida kuma dokar da ake aiki da ita ita ce mai lamba 2010-95 ta ranar 23 ga Disamba 2010. OAPI da ke Yawunde, in ji shi, can ake kai alamar kasuwanci da sabuwar ƙirƙira ta masana'antu. Mai waƙa BNDA zai nufa, hukumar da aka kafa a 1995 don ta karɓo kuɗin masu fasaha daga wajen masu amfani da ayyukansu ta raba musu. Sai ya ce, "Amma ɗana, haƙƙi daban, hujja daban. Ranar da aka yi gardama, me za ka nuna?" Ya ce in adana littafin da na rubuta baitocin da gyare-gyarensa, da saƙonnin murya da muka yi ta aika wa juna da kwanan watansu, kada in goge ko ɗaya. Da ya duba takardar Alhaji kuma sai ya ce wannan aikin lauya ne.

Lauyan na same shi ta hanyar wani ɗan uwa, ya karɓi jika 10 na shawara, kuma a duk kuɗin da na kashe a wannan lamari babu wanda ya fi su amfani. Ya ɗauki farar takarda ya ja layi a tsakiya. A gefe ɗaya ya ce a nan waƙar kanta take, wato kalmomi da kari, abin da wani zai iya ɗauka gobe ya rera da tasa muryar. Wannan na wanda ya rubuta ne da wanda ya tsara karin, da mai gyara kiɗa idan ya ƙara wani abu nasa na gaske. A ɗaya gefen kuma akwai sautin da aka naɗa a ranar, wanda mai rerawa da wanda ya zuba kuɗin naɗin ke da haƙƙi a kansa. Nan take na gane dalilin rigimarmu: abu biyu muke jayayya a kai muna tsammanin ɗaya ne. Ya ƙara da cewa akwai haƙƙin da ba ya sayuwa ko nawa aka ba ka, shi ne a ambaci sunanka a matsayin wanda ya yi aikin, kuma kada a lalata shi ta hanyar da za ta zubar maka da mutunci. Abin da ake ciniki a kai shi ne na cin moriya kawai, kuma shi ma sai a rubuce.

Sannan ya fassara mini takardar Alhaji layi-layi. Ta ce na sallama dukkan haƙƙoƙin waƙar, a duk duniya, har abada, a kan kuɗi dunƙule sau ɗaya. Ta ce na tabbatar ni kaɗai ke da ita, wanda ke nufin idan abokan aikina suka tada magana gobe, ni zan amsa. A ƙasa kuma akwai layin da ya ce duk waƙar da zan rubuta cikin shekaru biyar masu zuwa tasa ce. Lauyan ya ce a dokar Faransa, wadda tsarinmu ya ɗauko abubuwa da yawa daga gare ta, sallama ayyukan da ba a riga an yi ba a dunƙule ba ta da inganci ko kaɗan, kuma ko a ina ne kada in yarda da irin wannan layi. Ya kwatanta mini da gona: akwai sayarwa, akwai haya. Wanda ya sayar ya rabu da ita shi da magadansa, wanda ya ba da haya kuwa yana karɓar rabonsa, wa'adi ya cika ta dawo hannunsa. Ya ce abubuwan da zan nema a kowace yarjejeniya su ne wane haƙƙi na bayar, a ina za a yi amfani da shi, na tsawon wane lokaci, shi kaɗai ne ko zan iya ba wani, kashi nawa ne nawa kuma daga wane kuɗi ake cire shi, kafin a fitar da ɗawainiya ko bayan an fitar, yaushe za a nuna mini lissafi, da kotun wace ƙasa za a je in an saɓa. Game da rabo tsakaninmu ya ba ni misalin SACEM, hukumar da ke karɓo wa masu waƙa kuɗinsu a Faransa, wadda ke aiki tun 1851: kuɗin sa waƙa a bainar jama'a kashi uku suke yi masa daidai, ɗaya na marubucin kalmomi, ɗaya na mai kari, ɗaya na kamfanin da ke tallata aikin. Mu da ba mu da kamfani, sai mu fara daga rabi da rabi tsakanin kalmomi da kiɗa, mu daidaita sauran.

Zaman rabon shi ya fi komai wuya. Mun haɗu bayan la'asar a zauren wani kawun mawaƙiyar da dukanmu muke jin nauyinsa. Na zana musu layin nan na lauya a takarda. Mai sutudiyo ya fara da cewa rabi yake so. Kawu ya tambaye shi, "Kai malam, ba a biya ka kuɗin aikinka ba?" Ya ce an biya shi na zama da na'ura, amma salon kiɗan da ya sa mutane ke tashi rawa daga kansa ya fito. Ni a raina na san gaskiya ya faɗa, domin ranar da muka shiga ɗakin nan da kari kawai muka shiga, shi ya sa masa ƙafa. Yayan mawaƙiyar kuma ya daɗe bai yarda cewa mai rubutu zai fi mai murya kaso ba, har sai da ƙanwarsa da kanta ta ce, "Yaya, in ba baiti me zan rera?" Magriba ta yi muka tashi salla, muka dawo muka ƙarasa. A waƙar kanta na ɗauki kashi 50 cikin 100, mawaƙiya 30 saboda kari, mai sutudiyo 20 saboda tsarin kiɗa. A sautin da aka naɗa ni 40 tunda ni na biya, ita 40, shi 20. Bidiyon kuma aka bar wa yayanta da ita. Ba na cewa wannan rabon shi ne daidai ga kowa, na wasu zai bambanta, abin da ya sa namu ya zauna shi ne kowa ya faɗi da bakinsa abin da ya yi kafin a ambaci lamba. Muka buga takardar da Faransanci da Hausa, muka sa sunan waƙar, cikakken sunan kowa kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa tare da sunan da aka san shi da shi a waƙa, rawar da ya taka, kasonsa, da sharaɗin cewa ba mai yin ciniki da wani sai da sa hannun sauran. Washegari muka je ma'aikatar magajin gari da katunanmu aka tabbatar da sa hannun, aka manna tambur aka buga hatimi, kowa ya riƙe kofinsa. Kuɗin tambur kaɗan ne, layin ne dai mai tsawo, gara mutum ya yi sammako.

Daga nan sai Yamai. Na zaɓi in je da kaina don in ji komai daga bakin masu aikin. Motarmu ta tashi kafin asuba, muka bi ta Tasawa, Maradi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, kusan kilomita 900, muka shiga gari da dare jiki duk ya yi tsami. Kuɗin mota zuwa da dawowa su suka fi komai cin aljihuna, Allah ya sa ina da wurin kwana wajen ɗan uwa. Na tafi da kofin katin ɗan ƙasa, hotuna ƙanana, baitocin a buge, waƙar a kile (USB), da takardar rabonmu. A ofishin BNDA aka ba ni takardun cikewa iri biyu, ta neman zama mamba da ta bayyana aiki, wadda ake cike wa kowace waƙa tata daban. Na biya kuɗin buɗe dosiye aka ba ni resi. Wanda zai je ya fara bugo waya ya tambayi takardun da ake nema da kuɗin da ake biya a lokacin, ya kuma tambaya ko akwai wakilinsu kusa da shi, kada ya yi doguwar tafiya a kan abin da zai iya gamawa a gida.

Matar da ta karɓi dosiyena ta saurari waƙar, da aka zo amshi sai ta ɗago kai ta ce, "Malam, wannan naka ne?" Na ce na gargajiya ne, a bakin kakata na ji. Ta ce to haka za a rubuta. Dokar 2010 ta tanadi kariya ga kayan al'adun gargajiya, ba mai ɗaukar waƙar da al'umma ta gada ya ce shi ya ƙirƙira. Abin da na ƙara nawa ne, amshin kuwa a bayyana asalinsa. Da farko na ji kamar an rage mini wani abu, amma da na yi tunani a hanya sai na ga adalci ne. Matan da suka riƙe wannan amshi shekara da shekaru a gidajen biki ba su taɓa karɓar ko sisi ba, ba zai kyautu in zo rana ɗaya in sa sunana a kai ba. Ta kuma bayyana mini abubuwa biyu da ban sani ba. Zama mamba yana nufin na wakilta hukumar ta karɓar mini kuɗin sa waƙata a rediyo, talabijin, wuraren shaƙatawa da makamantansu, saboda haka dole duk wanda zan yi yarjejeniya da shi ya san da wannan. Na biyu, hukumar na da nata ƙa'idojin rabo, takardarmu tana nuna rawar kowa ne, kuma kowane ɗayanmu sai ya shigar da nasa dosiye kafin kasonsa ya same shi. Ba zan iya karɓar wa wani ba.

Da na dawo sai muka kira Alhaji mu uku a waya ɗaya. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, sayarwa ba za ta yiwu ba, amma za mu ba ka izini." Ya yi ɗan fushi, ya ce yara da yawa suna roƙonsa ya sa waƙarsu kyauta. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba na ganin mugu ne, ɗan kasuwa ne da ya gina tasharsa da kuɗinsa, takardar da ya saba ba kowa ita ya turo. Bayan kai-komo muka tsaya a kan izinin shekara biyu, a YouTube kawai, shi kaɗai a wannan wa'adin. Kuɗin da ya bayar a farko ya ragu sosai a kan wanda ya yi tayi da fari, amma muna da rabin abin da waƙar ta kawo, da lissafi duk wata uku tare da hoton shafin da ke nuna kuɗin. Aka cire layin waƙoƙin gaba, aka sa sunayenmu uku a ƙarƙashin bidiyon. Wani abu da lauya ya nace a kai, na kuma ga amfaninsa, shi ne a rubuta kuɗin farko da sefa. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa tun 2023 kowa a garin nan ya ga yadda ta yi, duk mai kai kaya Kano zai ba ka labari.

Sauran dandamali irin su Audiomack, Boomplay da Spotify mu muka riƙe. Ana shiga yawancinsu ne ta hannun kamfanonin rarraba waƙa na intanet, su ne ke ba sautin lambar shaida da ake kira ISRC. A nan ma akwai tarko: wanda ya buɗe asusun da sunansa da imel ɗinsa, shi kuɗi ke zuwa wa, shi kuma ke iya sa YouTube ta kama duk wanda ya ɗora waƙar ta tsarin Content ID, har da ku masu ita. Na san yaran da suka ba wani mai kwamfuta ya ɗora musu, daga baya aka rufe musu tasu waƙar a tasu tashar. Mu mun rubuta a takarda wa ke riƙe da asusun, mun kuma gaya wa kamfanin rarrabawar kada ya taɓa bidiyon da ke tashar Alhaji.

Maganar kuɗi kuma, kada wani ya sa ran arziki da wuri. Na Alhaji ya fara shigowa bayan wata uku ta hanyar masu aika kuɗi, muka raba a zauren kawu bisa takarda, ba wanda ya ɗaga murya. Na hukuma yana ɗaukar lokaci fiye da haka, domin sai masu amfani da waƙa sun biya, sai kuma an san waƙoƙin da suka sa, sannan a yi rabo. Idan gidan rediyo bai rubuta sunan waƙarka a jerin abin da ya watsa ba, ko ya rubuta sunan mai rerawa kawai, da wuya kuɗin ya gane hanyar gidanka. Shi ya sa yanzu duk inda na kai waƙa nake haɗawa da ƴar takarda mai sunan waƙar da na marubuci da na mai kari, daidai da yadda suke a dosiye. Masu tura waƙa a kasuwa kuwa ban sa su a lissafi ba. Su suka yaɗa mu, kuma ba na jin akwai ranar da za a bi su rumfa-rumfa.

Ga ƙannena masu tasowa, abin da na fi so ku ɗauka shi ne lokacin da ake rubuta rabo. A yi shi ranar da aka gama naɗi, kafin a fita daga sutudiyo, lokacin da waƙar ba ta da daraja a idon kowa kuma kowa na tuna abin da ya yi. Mutanenmu suna jin kunyar wannan, sai a ce ai mu ƴan uwa ne, takarda ta mece ce. Ni na ga yadda rashinta ya kusa raba mu. Idan ka biya mai sutudiyo, ku faɗa a fili ko kuɗin na aiki ne kawai ko ya haɗa da kasonsa. Idan ɗan siyasa ko wata ƙungiya ta sa ka waƙa, a rubuta abin da za su yi da ita da tsawon lokacin, domin biyan kuɗin aiki ba shi ke nufin sun mallaki komai ba. Kada ka sa hannu a harshen da ba ka ji, ko da mai takardar yana cewa mota za ta tashi. Ka kuma nuna wa iyalinka inda takardunka suke, domin wannan haƙƙi gado ne, yarjejeniyar Berne ta sa mafi ƙarancin wa'adinsa shekara 50 bayan rasuwar mai shi.

Mawaƙiyar ta shigar da nata dosiye tuni. Mai sutudiyo ne har yanzu bai kai nasa ba, kullum aiki ya riƙe shi, kuma muddin bai kai ba kasonsa na wajen hukuma ba zai iso gare shi ba. Na karɓo masa takardun cikewa, hotuna kawai suka rage ya ɗauka, mun yi da shi bayan salla zai gama.